Me ya sa ɗalibai ke haddace darasin juyin halitta amma ba sa fahimtarsa?

Tambaya: Ni malamar ilimin halittu ce a wata makarantar sakandare a Jos. Duk shekara idan muka zo kan juyin halitta a aji uku na babbar sakandare, ɗalibaina sukan haddace abin da ke cikin littafi har su ci jarrabawa, amma da zarar na tambaye su abin da ba a rubuce yake ba sai bayaninsu ya karkace. Wasu abokan aikina suna cewa addini ne ya hana su fahimta. Shin haka ne, kuma me ya kamata in yi?

Amsa: Malama, abokan aikinki sun taɓo wani ɓangare na gaskiya, sai dai ba shi ne babban ɓangaren ba, kuma idan kika tsaya a kansa za ki ɓata ƙarfinki wajen jinyar ciwon da ba shi ke damun ɗaliban ba. A shekarar 1990 wasu masu bincike biyu a Amurka, Beth Bishop da Charles Anderson, sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi wa ɗaliban jami'a a kan wannan darasi, inda suka gano cewa yawancinsu suna ɗauka halitta tana sauya kanta ne saboda buƙatar da ta taso mata. Abin da ya fi muhimmanci a gare mu shi ne, wanda ya ce ya yarda da ka'idar juyin halitta da wanda ya ce bai yarda ba kusan kuskure iri ɗaya suke yi, kuma yawan darussan ilimin halittu da ɗalibi ya ɗauka a baya bai kawo wani bambanci na a-zo-a-gani ba. Wannan yana nuna mana cewa yarda daban, fahimta daban, kuma abin da ke karkatar da fahimtar yana nan a kan ɗalibi tun kafin a zo maganar aƙida.

Yaro ba ya shigo miki aji da kai wayam. Tun yana goye yake tara ra'ayi game da yadda duniya take tafiya, daga abin da ya gani da idonsa, da maganar manya, da tatsuniyoyin da ke bayyana yadda wata dabba ta sami kamanninta saboda abin da ya taɓa faruwa da kakanta. Wannan ra'ayi yana yi masa aiki a rayuwar yau da kullum, shi ya sa ba ya sakinsa don kawai an rubuta wani abu daban a allo. Abin da yake yi shi ne ya ɗauki sababbin kalmomin da kika ba shi ya jera su a kan tsohon tunaninsa, sai ki ji kalmomin littafi a bakinsa alhali ma'anar da ke ƙarƙashinsu ba ta motsa ba.

Mafi ƙarfi a cikin waɗannan ra'ayoyi shi ne cewa buƙata ce take haifar da siffa. Ki tambayi ajinki dalilin da ya sa maganin feshin da yake kashe sauro a da ya daina kashe shi yanzu, za ki ji an amsa miki baki ɗaya cewa sauro ya saba da maganin. Haka iyayensu suke faɗa, haka mai kemis na unguwa yake faɗa, wani lokaci ma har a ce jikin majinyaci ne ya saba da ƙwayar magani. A cikin wannan amsa ɗalibi yana hango sauro guda ɗaya da ya sha feshi ya jure, ya ƙara sha ya ƙara jurewa, har ya yi tauri, sannan ya gadar wa 'ya'yansa taurin. Abin da yake faruwa a zahiri ya sha bamban da haka. Tun kafin a kawo maganin, saurayen ba ɗaya suke ba, domin a cikin dubbai akwai 'yan tsiraru da aka ƙyanƙyashe da wani ɗan bambanci a ƙwayoyin gadonsu wanda ya sa maganin ba ya yi musu illa sosai. Feshin ya kashe mafi yawa, 'yan tsirarun nan suka rayu suka hayayyafa, bayan zuriya da yawa sai suka zama su ne masu rinjaye. Babu sauro ko ɗaya da ya sauya a tsawon rayuwarsa. Abin da ya sauya shi ne kason kowane iri a cikin taron. Maganin ya yi aikin rariya ne kawai, ita kuwa rariya ba ta ƙirƙirar tsaki ko gari, abin da aka zuba mata take rabawa.

Akwai hujja mai kyau da za ki iya kai musu daga tarihin maganin zazzaɓin cizon sauro. Najeriya ta sauya manufarta a 2005, ta bar kulorokwin a matsayin maganin farko ta koma ga magungunan haɗi masu sinadarin atemisinin, saboda ƙwayar cutar mai jure wa kulorokwin ta yaɗu. Ƙasar Malawi ta riga mu, ta janye shi tun 1993, kuma bayan shekara goma da ɗoriya masu bincike suka tarar kulorokwin ya dawo yana aiki a can. Ki bar ɗalibai su yi ta fama da wannan tambaya: idan sabo ne, yaya aka yi ƙwayar cutar ta manta? Amsar ita ce irin da ke jure wa maganin yana biyan wani farashi wajen hayayyafa, don haka da aka janye maganin sai irin da ba ya jurewa ya sake rinjaye. Tun a 1943 Salvador Luria da Max Delbrück suka nuna a ɗakin gwaji cewa sauyin da ke ba bakteriya kariya yana aukuwa ne kafin ta haɗu da abin da zai kashe ta, ba a matsayin martani gare shi ba.

Kada ki ɗauka wannan kuskure na yaranmu ne kaɗai, ko alamar rashin ƙwazo. Deborah Kelemen, masaniyar ilimin tunanin yara a Jami'ar Boston, ta nuna cewa ƙananan yara sukan fi son bayanin da ke ɗora wa kowane abu manufa, har su zaɓi cewa duwatsu sun yi tsini ne domin dabbobi su sami wurin sosa jiki. Daga baya ita da abokan aikinta suka gwada ƙwararrun masana kimiyya a manyan jami'o'i, suka tarar idan aka matsa musu su amsa cikin gaggawa, su ma sukan ƙara karkata ga irin wannan bayani. Ke nan ilimi yana danne wannan ɗabi'a ne, ba ya tumɓuke ta, kuma wannan ya isa ya sa malami ya yi haƙuri da ɗalibinsa.

A ganina babu misalin da ya kai amosanin jini, wato sikila, dacewa da ajinki, domin da wuya a sami ɗalibin da bai san wani mai fama da ita ba, kuma duk sun ji maganar gwajin jini kafin aure. Kimanin mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da AS, wato ya gaji ƙwayar sikila daga ɗaya cikin iyayensa kawai, kuma idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Tambayar da ta kamata a jefa wa aji ita ce, yaya aka yi ƙwayar gadon da ke kashe yara ta yi yawa haka a tsakaninmu maimakon ta ƙare? A 1954 Anthony Allison, bayan binciken da ya yi a gabashin Afirka, ya nuna cewa masu AS suna da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. A wurin da zazzaɓin yake kashe yara da yawa, masu AS sun fi masu AA damar kaiwa shekarun haihuwa, sai ƙwayar ta ci gaba da yawo duk da asarar da SS take jawowa. Kyawun wannan misali shi ne yana rushe tunanin buƙata da kansa, domin da jiki ne yake ƙera wa kansa abin da yake buƙata, da bai zaɓi kariyar da za ta zo da irin wannan azaba ba. Sai dai a yi hattara wajen gabatar da shi, saboda mai yiwuwa akwai mai SS a zaune a ajin, kuma bai kamata ya ji an mai da shi abin nuni ba.

A nan dole in ɗora wa mu malamai da littattafanmu wani kaso na laifin. Muna cewa raƙumin dawa ya yi dogon wuya domin ya kai ga ganyen sama, ko kuma tsiron hamada ya rage ganyensa domin ya adana ruwa. Mu mun san gajerta magana muke yi, amma ɗalibi yana ɗaukarta yadda ta fito. Sannan muna jera bayanin Lamarck na 1809, mai cewa abin da jiki ya samu a rayuwa yana shiga gado, kusa da na Darwin na 1859 da zane biyu na raƙumin dawa, muna zaton bambancin a fili yake, alhali na Lamarck ne ya yi daidai da abin da yaro ya riga ya yarda da shi, shi ne kuma yake zauna masa bayan jarrabawa. Ba sai kin je da nisa ba wajen nuna cewa abin da jiki ya samu a rayuwa ba ya shiga gado. An yi ɗaruruwan shekaru ana yi wa yara tsagar fuska a Gobir da Borno, kaka da uba da ɗa, amma ba a taɓa haifar jariri da tsagarsa ba, kuma haka zancen yake game da kaciya.

Ra'ayi na biyu da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da na farko shi ne cewa kowane jinsi yana da wani asali guda kafaffe, kuma duk 'ya'yan jinsin kwafin juna ne. Masana irin su Susan Gelman sun yi rubutu mai yawa a kan yadda wannan tunani yake tasowa da wuri a zukatan yara. Mu ma muna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma maganar gaskiya ce a iyakacinta, sai dai ta rufe ido ga cewa 'ya'yan barewa ba gudu ɗaya suke yi ba, kuma wannan ɗan bambanci shi ne duk abin da zaɓin yanayi, wato aikin rariyar nan da na kwatanta da sauro, yake aiki da shi. Ɗalibin da yake ganin duk sauro sauro ne ba shi da hanyar fahimtar bayanin da na yi a sama, domin a wurinsa idan za a sauya to sai dai jinsin gaba ɗaya ya sauya a lokaci guda.

Abin farin ciki shi ne al'ummarmu tana da wani ilimin da ke karo da wannan ra'ayi, kuma yana hannun mutanen da ba mu cika gayyata aji ba. Manomin dankalin turawa a Bokkos ko manomin acca ya san gonarsa ba ɗaya take ba, shi ya sa yake ware na iri daga abin da ya fi kyau. Makiyayi ya san kowace saniya a garkensa da halinta da yawan nononta da juriyarta, kuma ba kowane bijimi yake bari ya yi barbara ba. Gajerun shanun nan na kudu da ake kira muturu suna jure wa cutar sammore da ƙudan tsando ke yaɗawa, abin da farfarun shanun Fulani ba su kai su ba. Shi kansa Darwin da zaɓin da masu kiwo da manoma ke yi ya buɗe littafinsa, kafin ya nuna cewa fari da cuta da yunwa da maƙiya suna yin irin wannan zaɓi ba tare da niyya ba. Ɗalibin da ya taso a gona ko a ruga ya riga ya riƙe rabin darasin, saura a nuna masa cewa abin da ya sani kimiyya ce.

Game da yadda sabon jinsi yake ɓullowa kuwa, kina da misali a bayan gari wanda masana daga ƙasashen waje suke zuwa gani. A dajin Amurum da ke kusa da Laminga, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis mai alaƙa da Jami'ar Jos take, akwai wani ɗan jan tsuntsu mai zama cikin duwatsu wanda sai a 1998 Robert Payne ya bayyana shi ga masana a matsayin jinsi na daban. Akwai kuma wani ɗan baƙin tsuntsu mai sheƙi da aka laƙaba wa sunan tsaunin Jos, wanda ba ya yin sheƙa, sai dai macen ta saka ƙwanta a sheƙar jan tsuntsun nan ya rena mata. 'Ya'yanta suna fitowa da zane a cikin baki irin na 'ya'yan mai sheƙar, namiji yana tashi da kukan wanda ya rene shi, macen kuma tana zaɓar namiji mai wannan kuka, sannan ta nemi sheƙar irin tsuntsun da ya rene ta. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, amma wannan na gidan da aka rene shi yake yi. Binciken da aka yi a kan danginsa a faɗin Afirka ya nuna cewa idan wata mace ta saka ƙwai a sheƙar wani tsuntsu na daban kuma 'ya'yan suka rayu, za su tashi da wani kuka, su riƙa auren junansu, daga nan reshe ya fara rabuwa. Ziyarar yini ɗaya zuwa can za ta yi wa ɗalibanki abin da zanen raƙumin dawa bai yi musu ba.

Sai maganar biri, wadda na tabbata kin sha ji: idan mutum daga biri ya fito, me ya sa har yanzu akwai birai? Tambayar ta taso ne daga ɗaukar halittu a matsayin tsani, ƙwaro a ƙasa, mutum a sama, kowa yana ƙoƙarin hawa. Ka'idar ba ta ce birin da muke gani a yau kakan kowa ba ne. Abin da ta ce shi ne rassa ne da suka rabu daga tushe guda, kuma masana suna ƙiyasta rabuwar reshen mutum da na babban birin nan da ake kira cimfanzi da shekara miliyan 6 zuwa 7. Zanen nan da ya shahara na biri yana miƙewa sannu a hankali har ya zama mutum ya yi ɓarna mai yawa, kuma da a ce shawarata za a bi da an cire shi daga littattafan makaranta.

Tsawon zamani ma yana ba su wahala, domin a kunnen yaro shekara dubu da shekara miliyan duk sunansu da can. Ki yi amfani da abin da ke kewaye da su. Gumakan yumɓu na Nok da ke gidan tarihi na Jos, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928, sun haura shekara 2,000, kuma a wurin ɗalibi wannan tsufa ne mai yawa. Duwatsun Shere da yake hangowa daga gari kuwa sun kai kimanin shekara miliyan 160. A ƙasar Sakkwato an tono ƙasusuwan wata babbar dabbar teku mai rarrafe da aka sa wa sunan Goronyo, wadda ta rayu kusan shekara miliyan 70 da suka wuce, lokacin da teku ya rufe yankin. Ki sa su auna waɗannan da igiya a filin makaranta, milimita ɗaya a madadin shekara dubu, sai su ga Nok ba ta wuce kaurin tsinken ashana ba alhali duwatsun Shere suna can mita 160.

Yanzu mu dawo kan addini, domin ban ce ba shi da tasiri ba. Tasirinsa ya fi bayyana a kan ko ɗalibi zai buɗe kunnensa tun farko. Yaron da aka gaya wa a gida ko a wurin ibada cewa wannan darasi ƙofar kafirci ce zai zauna a aji yana tsaron imaninsa maimakon sauraro, kuma a Jos, inda Musulmi da Kirista suke zaune a benci ɗaya, wannan na cikin 'yan wuraren da za ki ga bakinsu ya zo ɗaya. Farfesa Olugbemiro Jegede, wanda daga baya ya zama shugaban farko na Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, ya bayyana a 1995 yadda ɗaliban Afirka sukan riƙe bayani biyu gefe da gefe, na makaranta domin jarrabawa, na gida domin rayuwa, ba tare da sun bar su sun haɗu ba. Abin da kika kwatanta a tambayarki ya yi kama da wannan ƙwarai.

Shawarata ita ce ki faɗa musu a fili tun ranar farko cewa ba ki zo karɓar imanin kowa ba, kuma makin da za ki bayar na fahimtar bayanin masana ne da hujjojinsu. Ɗalibanki sun riga sun karɓi bayanin yadda rana take ɗaga tururi daga teku ya zama girgije, kuma wannan bai hana su roƙon ruwa ba, domin sun san sanin sababi bai kore mai sababin ba. Yana da amfani su san cewa Gregor Mendel, wanda suke karanta dokokinsa na gado, limamin coci ne, kuma Fafaroma John Paul na Biyu ya faɗa a 1996 cewa juyin halitta ya wuce matsayin hasashe. Haka nan Jahiz na Basra ya yi rubutu a ƙarni na 9 a kan yadda dabbobi suke fafutukar rayuwa da cin junansu, Ibn Khaldun kuma ya yi magana a ƙarni na 14 a kan matakan halittu. Sai dai kada ki ce musu waɗannan malamai sun riga Darwin gano ka'idarsa, domin abin da suka faɗa daban ne, kuma ɗalibi mai kaifin basira zai gano an yi masa ƙari ya daina yarda da sauran maganarki. Batun halittar Annabi Adamu kuwa, malaman addinan biyu suna da maganganu a kansa, kuma ajin ilimin halittu ba wurin yanke masa hukunci ba ne. Malamin da ya yi wa imanin ɗalibi izgili da wanda ya karanta darasin sannan ya ce duk ƙarya ce a rubuta don WAEC kawai, dukansu sun cuci yaron.

A aikace, ki fara da gano abin da ke kansu kafin ki koyar da komai. Ki ba su tambayar sauro su amsa a rubuce, ki ajiye takardun, bayan kin gama darasin ki kawo wata tambayar da ba su taɓa gani ba, misali yadda aka yi Fulani da yawa suke iya shan ɗanyar madara har girmansu ba ta dame su ba alhali manya da yawa a wasu al'ummomi ba sa iyawa. A kowace amsa ki nemi abu uku: ko ɗalibi ya ambaci bambancin da ke tsakanin mutane tun farko, ko ya ce bambancin ana gadonsa, ko kuma ya nuna wa ya fi barin zuriya da dalilin haka. Duk inda kika ga ya rubuta cewa sun saba, ko jikinsu ya ga yana buƙata, to tsohon tunanin ne ya dawo, sai ki mayar masa da takardar ya sake gina jimlar da kansa. Tun da manhaja takan ajiye wannan darasi zuwa ƙarshen aji uku, lokacin da hankalin kowa ya koma kan WAEC da NECO, kada ki jira sai an kai can. Ki shigar da maganar bambanci tsakanin 'ya'yan jinsi ɗaya tun aji ɗaya, ki sa su auna tsawon ganyen mangwaro talatin daga bishiya guda ko su ƙirga ƙwayoyin wake a kwanso daban-daban, sannan ki sake taɓo ta idan kun zo kan cututtuka da kuma darasin gado.